Sunan da Suke Kira

Ruwan Valdivia ba ya neman izini.
Tun daren Lahadi yake dukan kwanon makaranta,
inda na jera kwamfutoci ɗari biyu da sha huɗu
a kan teburan cin abincin yara,
kowace baki buɗe.

Zuba musu manhaja bai ba ni wahala ba:
waya ɗaya, minti tara, an wuce wurin,
kamar mai buga bulo da ma'auni guda.
Tashin farko ne ya tsaya mini a wuya.
Ka danna maɓalli, allo ya yi shuɗi,
ɗigo biyar su hau zagaye
suna cewa a ɗan dakata,
a ɗan dakata,
minti arba'in da bakwai ana ɗan dakatawa.

Baltasar, yaron aikina, ya yi lissafi a bayan takardar burodi.
Saura kwana takwas yara su dawo.
Ya turo mini takardar, bai ce uffan ba,
ya koma hura murhun itace.

Na fara da abin da kowa ke farawa da shi.
Na zare wasannin da ba wanda ya nema,
na cusa sababbin gyare-gyare cikin zubin tun daga tushe
don kada su taru su yi wa intanet ɗinmu rubdugu,
na sallami direbobin na'urorin da ba mu taɓa mallaka ba.
Minti sha ɗaya suka tafi.
Talatin da shida suka gyara zama.

Ruwa ba ya tsami banza.
Daren Laraba na buɗe kundin da na'ura ke rubuta abin da ta yi,
ina bin layi da yatsa,
shayina ya huce har ya yi fata.

Ga shi nan.
Kowace da ta farka,
tun ba ta san sunan kanta ba,
sai ta kira wani suna: Eduvigis.
Ta kasa kunne minti huɗu.
Ta sake kira.
Sau takwas, sannan ta haƙura.

Eduvigis tsohuwar saba ce ta ƙarƙashin bene,
wadda ambaliya ta cinye shekara uku da suka wuce.
Mun kwashe ta a baro, ni da mai gadi.
Ba wanda ya gaya wa zubin.

Da safe na buga wa Don Eleodoro,
wanda ya riƙe wannan kujera kafin ni,
shi ya raɗa wa sabar sunan matarsa.
Ya yi dariya har da tari.
"Ita ma haka take," in ji shi,
"sai ka kira ka gaji."
Sai ya yi shiru.
Ina jin ruwa na dukan nasa kwanon, can Niebla, bakin teku.
"Goge, 'yata.
Yara ba su da lokacin jira.
Ni ke da shi."

Ban goge ba.
Alama ɗaya na sa a goshin layin,
irin wadda na'ura ke gani ta tsallake,
mutum ya gani ya karanta.
Na rubuta kwanan wata a ƙasa, da dalili.

Muka sake zubi, muka danna.
Baltasar ya ɗauki lemo zai ɓare.
Bai kai ƙarshen ɓawon ba
allo ya buɗe yana tambayar sunan ɗalibi.
Minti huɗu.
Ya duba agogo, ya duba ni,
ya manta lemon a hannunsa.

Ranar Litinin yara suka shigo da jiƙaƙƙun takalma,
suka ɗaga murfi, suka shiga aikinsu,
ba wanda ya lura da komai.
Haka ake so.

Ni kaɗai, in na wuce ta gindin bene,
nakan rage sauri.